Yaya ake gasa dankalin turawa mai haɗi a ciki ba tare da ya yi danƙo ba?

Sabuwar Uwar Gida:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka saba gasa dankalin turawa irin wanda ake tsagawa gida biyu, a kwashe cikinsa, a haɗa da bota da cuku ko nama, sannan a mayar cikin ɓawon a sake gasawa. Yadda nake yi shi ne, ina wanke dankalin, in naɗe kowanne da takardar foyil, in sa a obin har ya yi laushi, idan ya huce kuma in zuba cikin a bilenda tare da madara domin ya yi sumul. Abin da nake samu haɗi ne mai danƙo da yake manne wa cokali, ɓawon kuma yana fitowa a jiƙe, har ya yage tun kafin in gama cika shi. Shin matsalar daga irin dankalin take, ko daga zafin obin? Ina kuma son sanin ko ana iya shirya shi tun da safe a ajiye zuwa dare idan ana sa ran baƙi.

Maman Yara:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. A ganina gashin farko shi ne yake yanke hukuncin yadda abincin nan zai kasance, kuma abubuwa biyu da kika ambata, wato foyil da bilenda, su ne suke ɓata miki aiki.

Dankali yawancinsa ruwa ne, kuma amfanin gashi shi ne wani ɓangare na ruwan ya fita ta hanyar tururi, domin cikin ya zama mai gari-gari. Idan kika naɗe shi da foyil, tururin ba shi da hanyar fita, sai dankalin ya dahu a cikin guminsa kamar wanda aka turara, shi ya sa ɓawon yake laushi ya rasa ƙarfin riƙe haɗi. Ki wanke shi sosai, ki goge da tsumma har ya bushe sarai, ki soka masa cokali mai yatsu a wurare da dama, ki shafa mai kaɗan da gishiri, sannan ki ɗora shi tsirara a kan ragar obin da ya riga ya yi zafi zuwa digiri 200 a ma'aunin Celsius. Dankali mai nauyin giram 250 zuwa 300 yakan ɗauki kimanin awa guda. Za ki gane ya nuna idan wuƙa ta shige tsakiyarsa ba tare da turjiya ba, ɓawon kuma ya ɗan tattare yana ƙaras-ƙaras idan kin matsa shi. Mai ma'aunin zafi na girki zai ga tsakiyar ta kai wajen digiri 96 zuwa 99.

Kada ki jira ya huce. Da kin fitar da shi, ki riƙe da tsumma ki tsaga shi a tsawonsa, za ki ga tururi yana tashi, kuma wannan tururin shi ne ruwan da zai koma cikin dankalin idan kika bar shi a rufe. Ki kwashe cikin da cokali, amma ki bar kaurin kamar rabin santimita a jikin ɓawon domin ya tsaya da kansa. Ni nakan mayar da ɓawon cikin obin na minti biyar zuwa goma yayin da nake haɗa cikin.

Ita kuwa bilenda, wuƙarta tana farfasa ƙwayoyin dankalin da suke riƙe da sitaci, wato sinadarin gari da yake cikinsa, sitacin ya fito ya haɗu da ruwa ya zama danƙo, kuma babu abin da zai gyara shi bayan haka. Cokali mai yatsu ko abin murje dankali na hannu ya ishe ki. Ki fara sa bota ta narke a cikin dankalin mai zafi, sannan ki riƙa zuba madara mai ɗumi kaɗan-kaɗan, ki daina juyawa da zarar ya haɗu.

Irin dankalin ma yana da tasiri. Masu yawan sitaci, kamar Russet da aka sani a Amurka ko Maris Piper da King Edward na Ingila, su ne suka fi dacewa. Idan ba a rubuta sunan iri ba, ki zaɓi manya masu kaurin ɓawo, ki bar ƙanana masu santsin fata domin dafawa.

Ma'aikacin Lafiya:

Malama, zan amsa tambayarki ta biyu, domin akwai batun lafiya a ciki da ya kamata kowa ya sani. Ana iya shirya shi tun da safe, amma da sharaɗin ki cika ɓawon, ki bar shi ya sha iska, ki sa a firji kafin awa biyu ta cika. Idan lokacin ci ya yi sai ki gasa har tsakiyar haɗin ta yi zafi sosai, wato digiri 74 ko fiye, kuma ki ƙara minti kamar goma a kan lokacin da aka saba tunda daga sanyi ya fito.

Abin da ba a yi ko kusa shi ne barin gasasshen dankali naɗe a foyil a kan teburi na tsawon lokaci. Dankali daga ƙasa yake fitowa, kuma ƙwayar cutar Clostridium botulinum tana zama a ƙasa. Zafin gashi ba ya kashe ƙwayoyin irin da take tsirowa daga gare su, kuma tana bunƙasa a inda babu iska, wato daidai yanayin da foyil yake samarwa. A shekarar 1994, mutum 30 sun kamu da gubar wannan ƙwaya a birnin El Paso na jihar Texas, bayan sun ci abincin da aka haɗa da dankalin da aka gasa a foyil aka bar shi a waje kwanaki. Haka kuma, ki yanke duk wurin da ya yi kore ko ya yi tsiro, ki zubar da wanda korensa ya yi yawa, musamman tunda a wannan girki har ɓawon ake ci.

Mai Son Girki:

Na yarda da bayanin Maman Yara, sai dai ban ga laifin taƙaita lokaci ba ga wanda yake sauri. Ana iya fara dafa dankalin a maikurowef na minti takwas zuwa goma, ana juya shi a tsakani, sannan a shafa mai a ƙarasa a obin na minti 20. Ɓawon ba ya kai na cikakken gashi ƙarfi, amma yana riƙe haɗi.

Game da haɗin, shawarata ita ce duk abin da zai shiga ya kasance dafaffe kuma marar ruwa, domin gashi na biyu minti 15 zuwa 20 ne kawai, bai isa ya dafa ɗanyen nama ba. Ki soya niƙaƙƙen nama da albasa har ruwansa ya ƙone. Idan kifin gwangwani ne ki tsane shi, idan alayyafo ne ki matse shi da hannu bayan kin turara. Ki cuɗa rabin cukun a cikin dankalin, ki barbaɗa sauran a sama, kuma ki ɗanɗana gishiri kafin ki cika, saboda dankali yana shan gishiri fiye da yadda ake zato. Kada ki danna haɗin ko ki shafe samansa ya yi sumul, domin tudun da cokali ya bari shi ne yake yin ja a wuta.

Sabuwar Uwar Gida:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Yaya Maman Yara, idan na yi da yawa, zan iya sa ragowar a firiza?

Maman Yara:

Za ki iya, kuma ya fi kyau ki yi haka kafin gashi na biyu. Ki jera su a tire su daskare ɗaya-ɗaya, sannan ki zuba a leda ko roba mai murfi. Ki bar cukun sama sai ranar gashi, kuma ki sauko da su firji tun ana gobe za ki gasa, domin tsakiyar ta narke kafin su shiga obin.