Yaya Coco Gauff, 'yar wasan tanis ta Amurka, ta faro tun tana ƙarama?

Maman Biyu: Jama'a, 'yata mai shekara 9 ta nace wa tanis, kullum tana buga ƙwallo a bangon tsakar gida har fenti ya ɓare. Coco Gauff take so ta zama. Ita yaya ta faro?

Kawu: Hajiya, mahaifinta ne ya riƙa horar da ita a Florida. A 2019, tana da shekara 15, ta doke shahararriyar 'yar wasa Venus Williams a gasar Wimbledon ta Ingila, 6-4, 6-4. Na kalli wasan, tsigar jikina ta tashi.

Ɗan Zinder: Amma sai 2023 ta ci babbar gasar US Open ta Amurka. Shekara huɗu ke nan tana faɗi-tashi.

Maman Biyu: Na gode, Kawu. Bangon dai na bar mata shi.