Ƙiyasin Kuɗin Injinan Tura Ƙasa a Jinginar Gyaran Wurin Haƙar Ma'adinai

Abin da masu wannan aiki suka fi nanatawa shi ne kada kamfani ya yi lissafi da injinan da ya mallaka. Kamfanin haƙar ma'adinai yana ajiye kuɗin jingina a wurin hukuma ne don ranar da zai durƙushe ya bar rami a buɗe, hukuma ta nemo ɗan kwangila daga waje. Saboda haka farashin haya na kasuwa ake sawa, da albashin direba, da man dizal, da kuɗin kai injin wurin da dawo da shi. A Amurka, dokar SMCRA ta 1977 kan haƙar kwal ta ce dole jinginar ta ishi hukuma kammala gyaran da kanta.

Inda aka fi tafka kuskure kuwa shi ne yawan aikin da inji ke yi a awa. Ƙasa tana kumbura idan an tone ta, abin da aka auna a rami bai kai wanda za a loda a tifa ba. Katafila ma aikinta na raguwa da nisan turi. Idan tazara ta haura kimanin mita 100, gara a koma ga lodi da tifofi. Alkaluman da kamfanoni irin su Caterpillar ke bugawa na yanayi mai kyau ne, shi ya sa da yawa ke ɗaukar minti 50 a matsayin awa guda, sannan su sake ragewa saboda gangare da laka.

Wasu sun raina kuɗin ko-ta-kwana da ribar ɗan kwangila. A ganina a nan hukuma ke fara mayar wa mutum takardar ƙiyasinsa.