Wa sanyi ya taɓa kwantarwa a asibiti?

Ɗan Fagge, Winnipeg: Salamu alaikum. Ƙanena ya zo karatu nan Kanada a Satumba. Shekaranjiya ya tsaya jiran bas babu safar hannu, sanyi ya kai digiri 30 ƙasa da sifili. Yana asibiti, yatsu uku sun yi bororo. Hajiya sai kira take daga Kano. Wanda ya san abin nan ya yi mana bayani.

Baban Ilham, Edmonton: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Ni yatsun ƙafa ne. Da farko ban ji komai ba, sun dai yi tauri kamar itace, fatar ta yi toka-toka. Aka tsoma su cikin ruwan ɗumi mai digiri 38, kusan rabin awa. Wallahi a nan na san azaba, da jini ya fara komawa sai da aka yi mini allurar kashe zafi. Kwana biyar ana ɗaura mini ruwa da wani magani, iloprost, mai buɗe jijiyoyin jini. Na ƙosa in san ko za a yanke, likita ta ce a jira makonni, naman da ya mutu zai ware kansa. Kan ƙaramin yatsa kawai na rasa.

Ɗan Fagge: Alhamdulillah. Shi kuwa da ya shigo gida sai ya kara hannun a hita yana murzawa.

Anti Nas, Toronto: Kash, ƙanena, ba a yin haka. Hannun ba ya ji, zai ƙone bai sani ba, murzawar kuma tana ɓata naman. A asibiti na taɓa karɓar wani da aka tsinta a waje, zafin jikinsa ya faɗi ƙasa da digiri 28, ko rawar ɗari ya daina. Lallaɓa shi muka yi kamar ƙwai, don jijjiga kan iya tsayar da zuciya. Bargo mai hura iskar ɗumi, ga ruwan ƙari da aka ɗumama. Da safe ya farka yana neman wayarsa.

Bazazzagi, Mosko: Ni kunne ne, shekarata ta farko, wai hula tana ɓata mini aski. Har yau da hunturu ya kama sai ya riƙa zugi. Ka hana shi sigari in yana sha.

Ɗan Fagge: Ba ya sha. Bororon ɗaya ya yi baƙi, gobe za su yi hoto. Me zan ce wa Hajiya, Anti?