Rabon gado: mu nemi lauya ko malami ya isa?

Ɗan Jekadafari: Salamu alaikum. Babanmu ya rasu, ya bar gida a Tudun Wada da shago a kasuwar Gombe, takardun kuma a hargitse. Mu nemi lauya?

Hajiyar Pantami: Allah Ya jiƙansa, ɗana. Malami zai lissafa rabo, amma mu lauya ne ya bi mana takardun fili har aka samu. Marayu ba ya karɓar ko sisinsu. Duk Asabar yana zama a ƙofar masallaci, yana koya wa mutane rubuta wasiyya.

Malamin Bolari: A fara biyan bashi. Wasiyya kada ta wuce sulusi, wato kashi ɗaya bisa uku na dukiyar, kuma ba a yi wa magaji.

Ɗan Jekadafari: Na gode. Wallahi bashin ne ke hana ni barci.