Naruto ya fita raina, ga shi na yi wa autanmu alkawarin kallonsa tare

Yayan Auta:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don Allah ban da dariya.

Ina aji biyu a ƙaramar sakandare na fara kallon Naruto, shirin zanen nan na Japan kan wani yaro ɗan ninja, a irin faifan nan da ake cusa wa kashi talatin, hoto a dushe, Turancin ƙasa rabi a karye. In an ɗauke wuta mu yi karo-karon kuɗin mai a tayar da inji. Na bi shi kaf, kashi 220 na farko da 500 na zango na biyu, wato Shippuden, da aka kammala a 2017. Har ƙulla yatsun nan da suke yi in za su yi siddabarun faɗa na haddace, ina yi a ƙarƙashin benci malami na koyarwa.

Autanmu shekararsa 13. Na cika masa kunne da labarin, na ce in ya ci jarabawa za mu kalla tare a wannan hutun. Yaro ya ci. Sai na ce bari in fara leƙawa ni kaɗai, wallahi da na sani ban leƙa ba.

Cikon benci ya dame ni, musamman daga kashi na 136 zuwa kusan ƙarshen zangon farko, inda yawanci babu shi a littafin zanen Masashi Kishimoto. Lilon nan na bakin makaranta kuwa an nuno shi har ya ishe ni. Amma duk wannan mai sauƙi ne. Maganar Neji ce ta tsaya mini a wuya. A jarabawar Chunin, ta ƙarin matsayin 'yan ninja, ya gaya wa Naruto cewa kowa da rabon da aka haife shi da shi, wanda zai zama Hokage, wato shugaban garinsu Konoha, ma tun haihuwa aka rubuta masa. Naruto ya buge shi, mu 'ya'yan malam Shehu muka tashi da ihu, mun ga namu ya yi nasara. Can gaba sai ga shi ashe Naruto ɗan Minato ne, Hokage na huɗu. Uwarsa Kushina dangi ɗaya suke da matar Hokage na farko. Ga dodo mai wutsiya tara a cikinsa, ƙarshe ma aka ce Asura, wani babban kakansu na tun fil azal, shi ne ya dawo a jikinsa. Shi kuwa Neji, ɗan ƙaramin reshen gidan Hyuga da aka yi wa hatimi a goshi don ya yi wa babban gida hidima, ya mutu yana kare Hinata, 'yar babban gidan, da Naruto. To waye mai gaskiya ranar jarabawar? Rock Lee da ya kwance ƙarafan ƙafarsa gaban Gaara, shi ne ainihin ɗan ƙoƙari, shi ma aka ajiye shi gefe kamar tsohon keke.

Yanzu ya zan yi? In zauna in yi shiru ina haɗiyar takaici, in gaya masa gaskiya, ko in lallaɓa shi mu koma wani?

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam. Malam, ka fara biyan kuɗin haya ne kawai. Lissafa: kashi 720, kowane kusan minti 23, ya haura awa 270. Lokacin kana yaro awa 270 ba komai ba ce, yanzu kuwa duk kashi ɗaya na banza ji kake kamar an yanke maka aljihu.

Maman Amira:
Ƙanena, alkawari kaya ne, kai ka ɗauka, sai ka kai. Yaro ya yi nasa.

Ni ba Neji ne damuwata ba. Ka manta tun kashi na ɗaya Naruto yake rikiɗa ya zama mace tsirara? Jiraiya, malamin Naruto, da kuke kuka da mutuwarsa, aikinsa leƙen mata a wurin wanka, ana mayar da shi abin dariya. Wannan kaɗai ya isa dalilin da za ka zauna kusa da shi da rimot a hannunka, don in ka ƙi, a wayar abokansa zai gani ba mai tsallake masa komai. Zancen ran wani ya dawo a jikin wani ma ka gaya masa tatsuniyarsu ce, ba aƙidarmu ba. Kuma tunda ana tone-tone, a duba yadda aka yi da mata. Sakura ta zama ɗalibar Tsunade, likita, tana fasa ƙasa da naushi, amma rabin rayuwarta kukan Sasuke ne, mutumin da ya nemi kashe ta. Tenten kuwa an manta da ita kamar babu ita.

Bazazzagi:
Ban yarda da kai ba, yallaɓai. Kai ne ka ɗora wa labarin abin da bai ɗauka ba. Tun farko labarin maraya ne da gari ya ƙi, ba labarin ƙoƙari ya fi gado ba. Shi ya sa aka buɗe da malaminsa Iruka, wanda dodon nan ya kashe wa iyaye, amma ya tare wa yaron makami da bayansa. Zabuza da Haku, Gaara, Nagato, duk ciwo ɗaya ne. Neji kuma da kansa ya zaɓi mutuwarsa, kamar yadda mahaifinsa Hizashi ya zaɓa. In ƙoƙari kake nema, ga Might Guy da ya buɗe ƙofa ta takwas, ƙarshen ƙarfin jikinsa, babban mugun nan Madara da bakinsa ya sara masa.

Inda nake tare da kai, Kaguya. An shekara ana gina Madara, sai Baƙin Zetsu ya soke shi ta baya a fito da ita Kaguyar da ba mu san ta ba. Ga Orochimaru da ya yi gwaji a kan yara yana yawonsa a Boruto, ci-gaban labarin.

Yayan Auta:
Bazazzagi, na karɓi maganar Iruka, ban kalle ta haka ba. Amma Guy ɗin nan da ya mutu in ba don Naruto ya taɓa shi da ikon da aka ba shi kyauta ba, kuma a keken guragu ya ƙare. Ka ga ka ƙara mini hujja.

'Yar Maraɗi:
Ku bar musu, yaro na jira. Ɗan uwa, ku kalli kashi na 1 zuwa 135, ku tsallaka zuwa Shippuden, ku riƙa ƙetare cikon benci har kashi na 175, inda mutanen Konoha suka tarbi Naruto suna ɗaga shi sama bayan faɗansa da Pain, wanda ya kai wa garin hari. Maraya ya samu gari, labari ya cika. Ka ce masa nan alkawarinka ya tsaya, sauran in yana so ya bi da kansa. Kuma kada ka gaya masa ra'ayinka tukuna. Kai ba wanda ya ɓata maka naka kana 13.

Yayan Auta:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Shawarar 'Yar Maraɗi zan bi, da rimot ɗin Maman Amira. Jiya bayan isha na kira shi in ce gobe za mu fara, sai ya hau sosa ƙeya. Ashe ja'irin ya kasa haƙuri, ya je wurin masu turi ya sa an zuba masa a wayar Umma, har ya kai jarabawar Chunin. Na ce to waye gwaninka? Ya ce Neji. Na ce masa ya je ya kwanta.