Ya dace QEMU ya riƙa ba baƙuwar na'ura intanet tun ba a nema ba?

Sadiya: Jiya na tayar da Windows cikin QEMU, manhajar da ke kwaikwayon wata kwamfuta (baƙuwa) a cikin kwamfutarka ta gaske (mai masauki), ban rubuta komai kan sadarwa ba, kwamfutar kuma tana jan intanet daga wayata. Kafin in ankara baƙuwar ta hau sauke sabuntawa, data ta ƙare ƙarƙaf. A ganina kamata ya yi ta taso a rufe, sai mai ita ya buɗe da hannunsa.

Malam Habu: Allah ya mayar da alheri, Sadiya. Amma ki duba abin da aka gujewa. Ɗaya hanyar ba baƙuwa intanet, wato tap, tana buƙatar izinin root (cikakken ikon mai kula da kwamfuta) da haɗa gadar sadarwa a kan mai masauki. Ɗalibin da aka ba kwamfutar makaranta ba shi da wannan izinin. Da SLIRP kuwa, hanyar da QEMU ke kunnawa da kansa, baƙuwar na samun adireshi 10.0.2.15, ƙofar fita 10.0.2.2, DNS (mai fassara sunayen shafuka zuwa adireshi) 10.0.2.3, ba a taɓa saitin mai masauki ko kaɗan ba. VirtualBox ma, takwaran QEMU, haka yake tasowa.

Nura: Malam, da girmamawa, wannan 10.0.2.2 ɗin ne ke damuna. Ta nan baƙuwa ke isa ga abin da ke sauraro a 127.0.0.1, adireshin cikin gida na mai masauki, kamar rumbun bayanan da ka ɗauka a ɓoye yake. Wanda ya tayar da na'ura don gwada manhajar da bai yarda da ita ba ya buɗe mata hanya bai sani ba. Kuma SLIRP tsohon aiki ne, Danny Gasparovski ya rubuta shi a 1995 don masu shiga intanet ta layin tarho. A 2019 an gano CVE-2019-14378 wajen harhaɗa gutsattsarin fakitin IP, ɓarakar da baƙuwa za ta iya bi ta afka wa mai masauki.

Malam Habu: An toshe ta, Nura. Kuma daga waje ba mai shigowa sai ka sa hostfwd, saitin buɗe ƙofar shiga baƙuwar, da kanka. Mai binciken mugunyar manhaja ya san -nic none mai cire sadarwa gaba ɗaya, ya san restrict=on mai katange baƙuwar daga mai masauki da waje. Sabon shiga ne bai san komai ba, shi ya kamata a sauƙaƙa wa.

Sadiya: Ai ni ce sabon shigar, Malam, kuma ni abin ya ci.

Bilkisu: Na ga ɗaya ɓangaren. Tun QEMU 7.2, a ƙarshen 2022, aka cire SLIRP daga cikin lambar, sai ka girka libslirp, wato SLIRP ɗin da aka ware daban, kafin ka gina QEMU. Na gina ba ita, na kwana ina neman dalilin da apt, mai sauke manhajoji, ya ƙi aiki a baƙuwar Debian Linux. Ban so a mayar da kowa wannan halin.

Nura: To a bar ta a kunne, Yaya Bilkisu, amma a katange 127.0.0.1 tun farko, mai so ya buɗe.

Malam Habu: Masu gwada manhajar Android a kwaikwayon waya ta 10.0.2.2 suke kaiwa ga sabarsu kullum. Ka katange ta, su ne za su fara kuka.

Sadiya: Ni layi ɗaya nake roƙo yayin tashi, QEMU ya ce min baƙuwar nan tana da intanet.