Neman kalmar Hausa: me za mu kira "renda"?

Mai Zanen Agege:
Assalamu alaikum. Jama'a, ana son a rubuta wa masu koyon zanen motsi na kwamfuta da dabarun ƙawata fim ɗan jagora da Hausa, irin wanda yaro zai karanta a waya yana cikin mota daga Agege zuwa Yaba. Kalma ɗaya ta tsaya a wuya, wato abin da masu sana'ar ke kira renda. Ga wanda bai sani ba: ka gina surar abu, ka sa masa ƙashi, ka motsa shi, ka jera fitilu, ka kafa kyamara. Duk wannan lissafi ne kwance a cikin fayil, babu hoto tukuna. Sai ka danna F12 a Blender, manhajar da ake wannan aikin da ita, kwamfuta ta zauna ta lissafa launin kowane ɗigo har hoto ya fito. Wannan zaman lissafin shi ne renda. An kawo "tacewa", an kawo "fitarwa", an kawo "dafawa". Wacce za mu ɗauka?

Malamar Yaba:
Wa alaikumus salam, Malam. Biyu daga ciki suna da masu su. "Tace hoto" a fina-finan Hausa aikin edita ne, mai yanka da jerawa, ga kuma Hukumar Tace Fina-finai ta Kano da ta ƙara wa kalmar wani nauyin. In muka ɗora mata na uku jakin zai durƙushe. "Fitarwa" kuwa muna bukatarta a wani wurin: idan ɗalibi ya kwashe surar da ya gina daga Blender zuwa wata manhajar, Maya, a fayil ɗin FBX, fitarwa ya yi, kuma ko hoto ɗaya bai samu ba.

Kafin a raɗa suna a kalli jaririn. Hoto mai faɗin 1920 da tsayin 1080 ɗigo 2,073,600 ne. A Cycles, injin renda na cikin Blender, daga kowane ɗigo ake harba zaren haske daga kyamara zuwa cikin fage. Ya bugi bango ya karkata, ya bugi tebur ya sake karkata, har ya tarar da fitila ko ya ƙure adadin tsallen da aka yanka masa. Harbi ɗaya ba ya isa, don kowane zare hanyarsa ta sa'a ce, sai a maimaita ɗaruruwa a ɗauki matsakaici. Tushen lissafin James Kajiya ne ya shimfiɗa shi a 1986. To kalmar da muke nema dole ta ɗauki abu uku: akwai abin da ke ɓoye, akwai jira, sannan hoto ya bayyana.

Ɗan Otigba:
Hajiya, ni dai ina ganin a bar renda ta zauna. An ce "na'ura mai ƙwaƙwalwa", bakin mutane ya ce kwamfuta, wa ya ci? Ɗalibi zai shigo kasuwar kwamfuta ta Ikeja neman laftof, mai shago Bayarabe ne ko Inyamuri, kalmar da za su haɗu a kanta ita ce renda. Kuma abin da ya kamata ya tambaya ba sunan ba ne, katin hoto ne, ɓangaren kwamfuta mai lissafin hoto. Ma'ajiyar katin ita ce kan gaba: fatar abu guda, wato hoton da ake lulluɓe sura da shi, mai ɗigo 4096 sau 4096 tana cin wajen megabait 64 idan an buɗe ta, kuma abu ɗaya yakan ɗauki fata uku ko huɗu, ta launi, ta kaushi, ta tudu da kwari. Ka jera abubuwa ashirin a kati mai gigabait 4, aikin ya tsaya ya ce wuri ya ƙare. Maganin shi ne a rage fatar abin da ke nesa da kyamara zuwa 1024, ba wanda zai gane.

Baban Idi-Araba:
Ɗana, aro ba laifi ba ne, amma ba a aron abin da ake da shi a ɗaka. Ka manta "yanar gizo" da "manhaja" sun zauna daram, har masu labarai sun saba da su. Hausa tana da kalmar wannan aikin tun kafin kwamfuta: wankin hoto.

Ku tuna yadda mai hoto ke yi. Ya ɗauka, hoton yana cikin fim amma ido ba ya ganinsa, in ka buɗe a rana ma ka kashe shi. Sai ya shiga ɗakin duhu, ya tsoma a ruwan magani na farko hoto ya fara tasowa, na biyu ya tsayar da shi, na uku ya kafe shi kada haske ya ci. Daga dodon hoto a mayar kan takarda, a ƙarƙashin jar fitila, kana kallo fuska tana fitowa daga farar takarda kaɗan-kaɗan. Wanda ya taɓa zuba wa Cycles ido yana aiki ya san haka hoton ke yi, ya fara da dishi-dishi yana washewa. Sharuɗɗa ukun da Malama ta kafa duk sun cika. Kuma ba wanda ya taɓa zaton da sabulu ake wanke hoto, kowa ya san ma'anar.

Ɗalibar Obalende:
Baba, Allah ya ƙara girma. "Dafawa" fa? Ita ma akwai jira, kuma ana cewa hoto bai nuna ba idan an katse shi da wuri.

Malamar Yaba:
Ƙanwata, a ajiye murhu, akwai mai zuwa. Cikin Blender da Houdini akwai wani aiki dabam da sunansa na Turanci ke nufin gashi, wato gasawa: ka sa kwamfuta ta lissafa faɗuwar ƙyalle, ko hayaƙi, ko zubar ruwa sau ɗaya, ta adana sakamakon, don kada ta sake lissafawa duk lokacin da ka koma baya. Haka ake gasa inuwa da haske a jikin fata don wasannin kwamfuta. Idan renda ta zama dafawa, wancan kuma gasawa, ɗalibi zai cakuɗa su, alhali jerinsu yana da muhimmanci: sai an gasa ake wankewa. Wanda ya wanke hayaƙin da bai gasa ba, musamman in ya raba aikin wa kwamfuta biyu, zai ga hayaƙin yana tsalle a inda aka haɗa.

Na gwada ta Baba a baki, ina kiran kowane hoto guda na jerin motsi, wato firem, "falle". "Na wanke falle ɗari." "Bar shi yana wanki, kada ka taɓa." "Wankin bai yi kyau ba, a sake." "Nawa ne lokacin wankin falle ɗaya?" Duk sun zauna. Inda ta ba ni dariya shi ne Cycles da Arnold da RenderMan, domin in ka ce musu "injin wanki" an tafi wajen tufafi. Dole a cika: injin wankin hoto. Ɗakin da ake tara kwamfutoci da yawa suna raba aikin kuma, gidan wankin hoto.

Ɗan Otigba:
To ga inda zan ja. Har gobe a Agege in ka ce za ka wanke hoto, takarda ake jira a hannu. Mai ba da aiki zai ce ina hoton nasa. Amma "falle" da Hajiya ta sako a madadin firem ta burge ni, kuma tana gyara matsalar: "wankin falle" ba ya kama da na situdiyo.

Tunda an zo kan falle, a sa wannan a jagoran da manyan baƙaƙe, don a Legas muke. Kada ɗalibi ya wanke kai tsaye zuwa bidiyon MP4. Irin wannan fayil sai a ƙarshe ake rufe shi, in NEPA ta ɗauke wuta a falle na 230 cikin 250, yawanci ba zai buɗu ba, aikin dare ya tafi. A wanke falle-falle zuwa hotunan PNG, ko EXR in za a haɗa su da wasu hotuna daga baya, kowane falle da lambarsa a cikin jaka guda. Wuta ta dawo, a cire alamar da ke ba shi izinin rubutu a kan tsohon falle, a danna Ctrl da F12, zai tsallake waɗanda ya gama ya ci gaba. A duba na ƙarshe kafin ɗaukewar wutar, sau da yawa rabi ne, a goge shi. Mayar da jerin zuwa bidiyo aikin 'yan mintuna ne.

Sai lissafin da ɗalibai ba sa yi sai sun makara. Talabijin ɗinmu falle 25 ne a daƙiƙa, silima 24. Daƙiƙa 10 falle 250 ke nan. In kowanne yana cin minti 2, minti 500 ne, awa 8 da minti 20. Minti ɗaya na fim falle 1,500, awa 50. Wanda ya ce zai yi 4K ya ninka ɗigo sau huɗu, 8,294,400. Kuma laftof a zafin Legas in ya doshi digiri 90 zuwa sama da kansa yake rage gudu, fallen da ya fara da minti 2 ya koma fin haka. A ɗaga shi daga kan katifa, a busa ƙurar fanka, a bar shi a jone.

Baban Idi-Araba:
Madalla, ka ga da bakinka ka ce "a wanke falle-falle" ba ka yi tuntuɓe ba. Batun takarda kuwa, kalma takan yi ƙaura. Da "waya" ƙarfe ce a kan turke, yau tana aljihunka ba ko zare. Akwai ma "wanko", mai nuna an fito da abu zuwa gare ka: "wanko mini falle na 40 in gani." Renda ba ta da wannan lanƙwasar, sai dai ka ce "yi mini renda".

Ɗalibar Obalende:
Na karɓa, Baba. To ɗigo-ɗigon nan da ke ɓata hoto a wurin inuwa, da fararen da ke tashi jefi-jefi, su ma a ba su suna.

Malamar Yaba:
Na farko "yashi-yashi", na biyu "tartsatsi", kuma cutarsu ba ɗaya ba ce. Yashi-yashi ƙarancin harbi ne. Abin takaicin, ba ya raguwa daidai da ƙari: sai ka ninka harbi sau huɗu kafin ya ragu da rabi. Daga 64 zuwa 256 za ka ga bambanci, daga 1,024 zuwa 4,096 lokaci kawai kake ƙonawa. Blender yana zuwa da 4,096 a saiti, ɗalibi ya sauke shi zuwa 128 ko 256, ya kunna mai share yashi, OpenImageDenoise na Intel ko OptiX in katinsa Nvidia ne. Amma kada a matse harbin ƙwarai a dogara da sharewa. A hoto guda zai yi sumul, a motsi kuwa kowane falle ana share shi ta wata fuska, bango ya riƙa rawa kamar ruwa, zanen atamfa ya narke.

Tartsatsi kuwa daga ƙaramar fitila mai tsananin haske yake zuwa, ko hasken da ya ratsa gilashi ko ya daki ƙarfe mai sheƙi. Zare ɗaya cikin dubu ya faɗa kanta ya dawo da adadi mai girma, ɗigon ya yi fari fat. Ƙarin harbi ba ya saurin kashe shi. A faɗaɗa fitilar, a kashe lissafin hasken da ke taruwa bayan gilashi in fagen bai bukace shi ba, a sauke iyakar hasken da ya yi tsalle, wadda ke zuwa a kan 10. In kuma abu ya fito ruwan hoda gaba ɗaya, ba wanki ne ya lalace ba, fatar ce ta ɓace, an kwashe fayil zuwa wata kwamfuta an bar hotunan fata a baya. A cusa su cikin fayil ɗin kafin a sa a filash.

Ga masu ƙawata fim, a wanke abin da aka gina ba tare da bango ba, inuwarsa dabam, shi dabam, sannan a haɗa da abin da kyamara ta ɗauka a Nuke ko Fusion ko After Effects. Wannan matakin shi ne "haɗi", kada a kira shi wanki. Amfanin rabawar, in darakta ya ce inuwa ta yi duhu, a haɗi za a gyara cikin minti ɗaya, ba sai an koma awa takwas ba.

Ɗan Otigba:
Saura injinan Eevee da Unreal, masu fito da hoto ba jira. Wasan kwamfuta mai falle 60 a daƙiƙa kowane falle bai kai kashi 17 cikin dubu na daƙiƙa ba. Ina wanki a nan, Baba? Wannan ai sha yanzu magani yanzu ne.

Baban Idi-Araba:
Wankin nan-take. Masu hoton fasfo ma suna da na jira ka karɓa, ba a canza masa suna ba.

Mai Zanen Agege:
To an tsaya a nan. A jagoran za a rubuta "wankin hoto", in ana maganar motsi a ce "wankin falle", a ambaci renda sau ɗaya a farko don ɗalibi ya gane ta a bakin mai shago da cikin manhaja. Falle, gashi, haɗi, yashi-yashi da tartsatsi duk sun shiga. Ta gaba ita ce rigin, aikin sa wa sura ƙashi da gaɓoɓi da maɗaurin da ake jan ta da shi. An kawo "ɗori".

Malamar Yaba:
Ɗori sai abin da ya karye, Malam. A kawo wata.